Wasu Shawarwari ga Mai Fara Koyon Kyautata Rubutun Hannu a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gefen alaramma yana kallonsa yana rubuta shafin Alƙur'ani da ka, ya san akwai tazara mai yawa tsakanin iya rubutu da iya kyautata shi. Iya rubutu shi ne mutum ya ajiye haruffa a kan takarda yadda wani zai iya karantawa. Kyautata rubutu kuwa sana'a ce mai zaman kanta, wadda take da kayan aikinta da ƙa'idojinta da malamanta, kamar dai dukanci ko saƙa ko ƙira. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayani a kan abin da ya kamata mai fara koyon wannan sana'a ya sa a gaba a watanninsa na farko.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu shi ne, mun sha ganin matasa masu sha'awa, wasunsu ɗaliban jami'a, wasu kuma na makarantun Islamiyya, sun sayi alƙaluma da tawada launi-launi, sun fara da kwaikwayon zayyana mafi wuya, bayan 'yan makonni kuma sai su ajiye, su ce Allah bai ba su baiwar ba. A namu ganin, yawancinsu tsarin koyo ne ya kuɓuce musu. Abin da ido yake gani ya kira shi kyau a cikin rubutu, mafi yawansa daidaito ne, watau harafi ya fito da siga ɗaya da girma ɗaya duk inda ya zo a shafi. Shi kuwa daidaito ana samunsa ta hanyar abubuwa uku: hannu ɗaya da za a kwaikwaya, alƙalami ɗaya da za a saba da shi, da ma'auni da za a riƙa gwada aiki da shi. Za mu fi mai da hankali a kan rubutun Larabci da ajami irin na ƙasar Hausa da Barno, sa'an nan daga baya mu nuna yadda shawarwarin suka shafi rubutun boko.

2.0 Zaɓen Hannun da Za a Koya

Kafin ɗalibi ya fiƙe alƙalami, wajibi ne ya san irin hannun da yake nufin koya, domin rubutun Larabci salo-salo ne. Wanda muka gada a makarantun allo dangin rubutun Magrib ne, wanda ya zo mana tare da ruwayar Warshu da littattafan mazhabar Malikiyya. Akwai alamomi da ake gane shi da su tun daga nesa. Harafin fa yana ɗauke da ɗigo ɗaya a ƙarƙashinsa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a bisansa, alhali a rubutun gabas fa tana da ɗigo ɗaya a bisa, ƙaf kuma biyu. Haka nan idan nun ko fa ko ƙaf suka zo a ƙarshen kalma, sau da yawa akan bar su ba ɗigo.

Wannan hannu ya daɗe da kafuwa a nan. Masanin nan A. D. H. Bivar ya bayyana wani Alƙur'ani na Barno wanda yake ɗauke da tarihin shekarar 1669, kuma irin rubutun da ke cikinsa yana nuna sana'a ce da ta riga ta nuna tun kafin wannan lokaci. Matafiyin nan Denham, wanda ya isa Kukawa a 1823, ya ba da labarin cewa ana ɗaukar Alƙur'anan da aka rubuta a Barno ana kai su Arewacin Afirka da Masar ana sayarwa. Masu nazari a yau sukan rarrabe hannun Barno da hannun Kano, ko da yake dangi ne na kusa. Shi hannun Kano ya yaɗu ƙwarai daga wajen shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwa suka fara ba marubuta aiki su rubuta littattafai da hannu, a ɗauki hoton shafukan a buga su da yawa, a sayar a kasuwar Kurmi da sauran kasuwanni. Daga cikin marubutan da suka yi suna ta wannan hanya akwai Sharu Bala Gabari na Kano.

A gefe guda kuma akwai rubutun nasihi na gabas, wanda ya samu ƙarfi a makarantun Islamiyya, musamman bayan da aka buɗe ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad a Madina a 1984, wadda fitaccen bugunta na ruwayar Hafsu yake da hannun Usman Ɗaha. Wannan ma hannu ne mai kyau matuƙa, kuma wanda ya zaɓe shi bai yi laifi ba. Laifin yana wajen gaurayawa. Ɗalibin zamanin nan idonsa ya saba da salo biyu a lokaci guda, saboda haka idan bai kula ba sai ya ɗauko kaf daga Madina, ya ɗauko nun daga Kano, ya haɗa su a kalma ɗaya, rubutun ya fito ba na nan ba, ba na can ba.

Shawararmu ta farko ke nan: ɗalibi ya zaɓi marubuci guda ɗaya, ya samo shafi huɗu ko biyar na rubutunsa masu tsabta, ya tsaya a kansu har na tsawon wata shida aƙalla. Littattafan bugun kasuwa sun isa wannan aiki, tun da suna da araha kuma haruffansu manya ne. Wanda yake kusa da ma'ajiyar rubuce-rubuce, kamar Gidan Arewa a Kaduna, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan'adam a Yamai, ya kyautu ya je ya ga aikin magabata da idonsa, domin hoto ba ya nuna yadda tawada ta kwanta a kan takarda.

3.0 Kayan Aiki

3.1 Alƙalami

Alƙalamin gargajiya daga karan dawa ko gamba ake yin sa. Akan zaɓi wanda ya bushe sarai, miƙaƙƙe, mai ƙarfin baya. Akan fiƙe shi da wuƙa mai kaifi, a kwashe ɓargon ciki, a tsaga bakin kaɗan domin tawada ta sami hanyar gangarowa, sa'an nan a datse kan a bisa wani abu mai tauri da sara ɗaya. Wannan datsewar ƙarshe ita ce take yanke wa rubutu hukunci. Marubutan gabas sukan datse bakin alƙalami a karkace, shi ya sa layin nasihi da sulusi yake yin kauri a wani wuri ya sirance a wani. A hannun Kano da Barno kuwa layin mai kauri ne, kuma kaurin ba ya sauyawa sosai kamar na gabas. Wanda ya ɗauko alƙalamin sulusi ya ce zai fitar da hannun Kano da shi, zai wahala a banza, ya kuma zargi hannunsa da laifin da ba nasa ba.

Muna ba mai koyo shawara ya fara da alƙalami mai faɗin baki, kamar milimita 2 zuwa 3. Dalili shi ne, babban harafi ba ya ɓoye kuskure. Ƙaramin rubutu yakan yi wa mai shi daɗin baki, ya ga kamar ya iya, alhali ƙanƙantar ce ta rufa masa asiri. Haka kuma ya kamata ya koyi fiƙe alƙalaminsa da kansa tun ranar farko, ya fiƙe guda uku ko huɗu masu faɗi ɗaya ya ajiye, domin bakin kara yana cinyewa, idan kuwa faɗin baki ya sauya a tsakiyar shafi, duk ma'aunin shafin ya rushe.

3.2 Tawada

Tawadar da ake amfani da ita a gargajiyance iri biyu ce, kuma sanin bambancinsu yana da amfani. Ta farko ita ce ta gawayi, wadda akan niƙa gawayin itace kamar aduwa, a haɗa da ƙaro da ruwa. Ƙwayoyin gawayin a bisa allo ko takarda suke zama, ƙaron ne yake riƙe su, shi ya sa ruwa yake wanke ta. Ita ce tawadar allo. Ta biyu ita ce wadda akan jiƙa ko a dafa 'ya'yan bagaruwa a haɗa da ƙarfe. Sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda majema suke jeme fata da shi, idan ya gamu da ƙarfe sai ya ba da launi mai duhu wanda yake shiga cikin jikin takarda, ya kuma ƙara duhu bayan ya sha iska. Wannan ba ta wankuwa, amma idan ƙarfen ya yi yawa takan ci takarda bayan shekaru, kamar yadda akan gani a wasu tsofaffin littattafai da haruffansu suka huje.

Mai koyo ya fara da ta gawayi. Abin da zai kula da shi shi ne kaurinta. Idan ƙaro ya yi yawa sai ta yi danƙo ta ƙi sauka daga alƙalami, idan ya yi kaɗan sai ta bushe ta riƙa gogewa a hannu. Yanayi ma yana da nasa tasiri. Da hunturu tawada takan bushe a bakin alƙalami tun kafin a gama kalma, sai a ɗiga mata ruwa kaɗan a cikin kurtu. Da damina kuwa takarda takan sha danshi, tawada ta riƙa bazuwa. Wanda ya sayi tawadar kwalba ta kanti, ya nemi baƙa wadda ba ta da ruwa-ruwa ainun, ya kuma riƙa wanke bakin alƙalami bayan kowane zama.

3.3 Allo da Takarda

Bai kamata ɗalibin jami'a ya raina allo ba. Allo yana ba mutum damar ya rubuta, ya wanke, ya sake, ba tare da jin zafin asarar takarda ba, kuma wannan sakin jiki yana cikin abin da hannu yake bukata. Idan aka koma kan takarda, a nemi mai santsi wadda ba ta shan tawada. Magabata sun fi amfani da takardar Italiya mai tambarin wata uku, wadda fatake suke kawowa ta hanyar Sahara daga Tarabulus da Alƙahira, kuma saboda tsadarta ba a sa mata alƙalami sai hannu ya faɗa. A yau takarda ta yi arha, amma darasin yana nan: a yi gwaji a allo ko a takardar banza, a keɓe mai kyau domin aikin da za a ajiye.

Tilas ne a ja layi. Marubutan dā sukan danna takarda a kan wani allo da aka ɗaura wa zare a jere, sai sawun zaren ya fito a matsayin layi marar launi. Mai koyo ya ja nasa da fensir, kuma ya ja guda uku ga kowane saɗara: layin da haruffa suke zama a kansa, layin da kan alif yake taɓawa a bisa, da layin da wutsiyar haruffa irin su nun da ra take sauka a ƙasa.

4.0 Ma'auni

A nan ne muke ganin mai koyo na yau zai amfana da haɗa hikimar gabas da ta yamma. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a cikin Muƙaddimarsa cewa a Alƙahira akwai malamai masu koyar da rubutu harafi-harafi bisa ƙa'idoji, amma a Andalus da Magrib ɗalibi kalmomi yake kwaikwaya ɗungurungum, malami yana duba masa har hannunsa ya faɗa. Hanyar makarantar allo ita ce ta biyun. Hanya ce mai kyau, ita ce ta fitar da dukkan marubutan da muke alfahari da su, amma tana bukatar shekaru masu yawa a gaban malami, abin da babban mutum mai aiki ko karatu ba lalle ya samu ba.

Ƙa'idojin gabas kuwa ana danganta su ga Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa a Bagadaza, wanda ya rasu a 940. Shi ne aka ce ya sa ɗigon alƙalami ya zama mudun awo. Idan aka danna bakin alƙalami aka ja shi gwargwadon faɗinsa, sai a sami ɗigo mai kusurwa huɗu. Tsayin alif ana ƙidaya shi da waɗannan ɗigogi, kamar biyar a nasihi ko bakwai a sulusi, sa'an nan sauran haruffa a auna su da alif da kuma da'irar da alif ya raba tsakiyarta. Ibn al-Bawwab, wanda ya rasu a 1022, da Yaƙut al-Musta'asimi, wanda ya rasu a 1298, su ne suka ƙara gyara wannan tsari. Amfaninsa shi ne, ko alƙalami ya girma ko ya ƙanƙanta, siffar harafi ba ta canjawa, tun da mudun awon yana girma tare da alƙalamin.

Ba muna cewa a ɗora wa hannun Kano lissafin Bagadaza ba ne, domin hakan zai ɓata shi. Abin da muke ba da shawara shi ne a ari dabarar, a ciro lissafin daga jikin shafin da ake kwaikwayo. Ɗalibi ya fiƙe alƙalami daidai da kaurin layin marubucin da ya zaɓa, ko kuma ya sa a ƙara girman shafin a injin hoto har kaurin layin ya yi daidai da alƙalaminsa. Sa'an nan ya jera ɗigogi a gefen alif ya ƙidaya, ya rubuta adadin. Ya yi haka ga tsawon ba, da zurfin nun, da faɗin cikin mim, da tsayin haƙoran sin, da kuma tazarar da ke tsakanin saɗara da saɗara. Ya auna kowane harafi a wurare biyar dabam-dabam na shafin, domin ya ga inda marubucin ya tsaya cik da inda ya ba kansa 'yanci. Wannan aiki ba zai wuce zama biyu ko uku ba, amma daga ranar ɗalibi ya sami abin da zai gwada aikinsa da shi, ya daina cewa harafin kawai bai yi masa kyau ba, ya koma cewa alif ɗinsa ya gaza da ɗigo ɗaya.

5.0 Jerin Darussa

5.1 Haruffa Dangi-dangi

Haruffan Larabci 28 ne, amma idan aka cire ɗigogi, siffofin da suka rage kamar 18 ne kawai. Ba da ta da sa jiki ɗaya gare su, kuma a farko da tsakiyar kalma nun da ya ma suna shiga cikinsu. Jim da ha biyu dangi ne, haka dal da zal, da ra da zaira, da sin da shin, da sodi da lodi. Saboda haka bai kamata a bi jerin abajada ba. A fara da alif da lam, domin su ne suke koya wa hannu saukowa a miƙe. A bi da dangin ba, masu koyar da tafiya a kan layi. Sa'an nan masu lanƙwasa irin su ra da wau da nun, daga ƙarshe kuma masu ciki da madauki, watau mim da fa da sodi da ha.

Abin sha'awa shi ne, malaman allo sun riga sun yi wannan nazari na siffa, sun adana shi a cikin sunayen da suke koya wa yara a matakin babbaƙu. Suna kiran ɗigo ruwa, shi ya sa ake cewa shin mai ruwa da ha mai ruwa. Ainun da ta zo a farkon kalma da bakinta a buɗe ita ce an baki wofi, wadda ta zo a tsakiya a rufe kuwa an likkafa, saboda kamarta da likkafar sirdi. Akwai jim ƙarami koma baya, akwai mim jaye da lam jaye. Kowane suna a nan umarni ne ga hannu. Mai koyo ya tambayi wani gardi ko alaramma ya jera masa waɗannan sunaye, zai ga sun ba kowace siga ta harafi sunanta, ta farko dabam, ta tsakiya dabam, ta ƙarshe dabam, kuma wannan shi ne ainihin abin da marubuci yake bukatar ya rarrabe.

5.2 Haɗi da Tazara

Bayan haruffa ɗai-ɗai sai haɗi. Haruffa shida ba sa haɗuwa da na bayansu, watau alif da dal da zal da ra da zaira da wau, saboda haka sukan bar giɓi a cikin kalma. Kuskuren da ya fi yawa ga masu farawa shi ne su sa wannan giɓi ya yi faɗi ɗaya da wanda ke tsakanin kalma da kalma, sai mai karatu ya kasa gane inda kalma ta ƙare. A nan ma sai a koma ga shafin da ake kwaikwayo a auna. Ya kamata ɗalibi ya horar da idonsa ya riƙa kallon farin da ke tsakanin haruffa kamar yadda yake kallon baƙin. Wata dabara mai sauƙi ita ce ya juya shafinsa kai ƙasa ya dube shi daga nesa. Da yake ba zai iya karantawa ba, sai idonsa ya koma kan wuraren da suka cushe da waɗanda suka yi holoƙo.

5.3 Wasulla da Launi

Marubutan Alƙur'ani sukan gama baƙaƙen shafi da baƙar tawada tukuna, sa'an nan su dawo su sa wasulla da ja, watau wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a, su sa hamza da ɗigon rawaya, alamar alif ɗin sadarwa kuma da kore. Wannan tsari na aiki ya dace da tsarin koyo. Kada ɗalibi ya taɓa jar tawada sai baƙaƙensa sun zauna. Idan ya zo kan wasulla, ya fiƙe musu alƙalami na dabam mai siririn baki, ya kuma kiyaye karkatarsu ta zama ɗaya a duk shafin. Mai rubuta ajami ya ƙara kula da ɗigon imala na ƙasa, wanda Hausawa suka ara daga ruwayar Warshu domin nuna wasalin e, don kada ya rikice da ɗigon ba ko na fa.

Zayyana ita ce ta ƙarshe. A makarantar allo ma sai ranar sauka ake yi wa allo zayyana, bayan shekarun karatu. Ado ba ya gyara harafin da ya karkace, sai dai ya jawo ido zuwa gare shi.

6.0 Lokaci da Gyara

Rabin sa'a kullum ya fi sa'a huɗu a rana ɗaya ta mako, domin hannu da maimaici yake koyo, kuma idan ya gaji kuskure yake maimaitawa. A zauna zama ɗaya kullum, ko a tabarma da allo a bisa gwiwa, ko a tebur, amma kada a riƙa sauyawa. A riƙe alƙalami sakwa-sakwa, a kuma ja dogon layi a hankali cikin numfashi ɗaya. Cika shafi da harafi ɗaya sau ɗari ba tare da dubawa ba ɓata lokaci ne. Gara a rubuta biyar, a tsaya, a gwada su da na marubucin, a gano kuskure guda, sa'an nan a sake biyar da niyyar gyara wannan kuskuren kaɗai. Kowane shafi a sa masa kwanan wata a ajiye, domin ranar da zuciya ta karaya, shafin wata uku da suka wuce shi ne zai nuna tafiyar da aka yi.

Duk da haka ma'auni ba ya maye gurbin malami. A tsangaya, wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka yakan kai shi gaban alarammomi su bi shi harafi-harafi suna fitar da kurakurai kafin a amince da shi. Mai koyo ya nemi wanda ya fi shi, ko da sau ɗaya a mako ne, ya kai masa aikinsa, ya kuma roƙe shi ya rubuta a gabansa. Akwai abubuwan da shafi ba ya faɗa, kamar inda alƙalami ya fara da inda aka ɗaga shi, waɗannan sai an gani da ido.

7.0 Rubutun Boko

Dukkan abin da muka faɗa ya shafi mai son zana haruffan boko, ko a takardar shaida, ko a allon shago, ko a jikin mota. A Ingila, Edward Johnston, wanda ya fitar da littafinsa a kan wannan sana'a a 1906, ta hanyar nazarin tsofaffin littattafan hannu ya farfaɗo da ita, kuma hannun da ya tsara wa masu farawa ya ɗauko shi ne daga wani littafi na ƙarni na 10. A wannan hannu ana riƙe bakin alƙalami a karkace da digiri 30, tsayin ƙananan haruffa kuma kamar faɗin bakin alƙalami huɗu ne. Ga hannu ɗaya, ga alƙalami ɗaya, ga ma'auni. Haruffan ma dangi-dangi ne: o ita ce uwar c da e da d da b, n kuma uwar m da h da r da u. Wajen tazara, haruffa masu miƙaƙƙen jiki suna bukatar fili tsakaninsu fiye da masu zagaye, in ba haka ba kalma takan yi kamar ta rabu biyu.

Marubucin Hausa yana da ƙarin nauyi a kansa, watau haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun Hausa a shekarun 1930, da kuma ƴ wadda ake amfani da ita a Nijar. Littattafan koyon zanen haruffa na Turai ba su tanade su ba, saboda haka sai marubuci ya tsara wa kansa. Shawararmu ita ce a ɗauko lanƙwasar daga kan harafin f na hannun da ake bi, a yi ta da kauri ɗaya da sauran jikin harafin, a kuma ba ta fili tun wajen jan layi. Ƙugiyar da aka liƙa daga baya kamar an manta da ita takan ɓace daga nesa, alhali ita ce take raba kafa da ƙafa, da kasa da ƙasa, da baki da baƙi.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙari mu nuna cewa mai fara koyon kyautata rubutu ya fi bukatar tsari a kan yawan kayan aiki. Ya zaɓi marubuci ɗaya ya tsaya a kansa, ya fiƙe alƙalamin da ya dace da wannan hannu, ya ciro ma'auni daga shafin da yake kwaikwayo, ya bi haruffa dangi-dangi, ya jinkirta launi da zayyana, ya kuma kai aikinsa gaban wanda ya fi shi.

Batun ya wuce sha'awar mutum ɗaya. Akwai dubban rubuce-rubuce a ma'ajiyoyinmu da gidajen malamai, cikin gafaka, waɗanda karanta su yake yi wa wanda ya tashi da nasihi kaɗai wuya, kuma wanda ya taɓa rubuta hannu da kansa ya fi saurin karanta shi. Ko da aka zo ƙera wa kwamfuta haruffa irin na Kano, kamar waɗanda aka fitar da sunan Alkalami a 2017, daga rubutun marubutan hannu aka kwaikwayo su, kuma duk wanda zai inganta irin wannan aiki nan gaba sai ya san yadda alƙalamin kara yake tafiya. Saboda haka muna kira ga sassan koyar da Hausa da Larabci da zane-zane na jami'o'inmu da kwalejojinmu su gayyato alarammomi marubuta su koyar a aji, a kuma auna hannun fitattunsu a rubuta ma'aunin a littafi tun suna raye, domin ɗalibin da bai sami zaman tsangaya ba ya sami abin da zai fara da shi.